Hawan jinin ido: Yadda na'urorin awo suka bambanta da abin da hakan ke nufi ga mutanen Tambuwal da Kebbe

Duk wanda aka taɓa duba wa ido a asibiti bisa zargin cutar gilakoma, wadda aka fi sani da hawan jinin ido, ya san akwai wata lamba da ma'aikacin lafiya ke rubutawa a katinsa, wataƙila 14, ko 19, ko 27. A kan wannan lamba ake gina hukunci mai nauyi: ko a ɗora mutum a kan maganin ɗigawa da zai riƙa saye har ƙarshen rayuwarsa, ko a ƙara masa wani maganin, ko a yi masa tiyata, ko kuma a sallame shi ya koma gida.

Abin da majinyata da yawa ba su sani ba shi ne lambar takan canja gwargwadon na'urar da aka yi awon da ita, da lokacin da aka yi shi, da kuma yanayin idon da aka auna. Ido ɗaya yana iya ba da lambobi biyu mabambanta a rana ɗaya ba tare da wani ma'aikaci ya yi kuskure ba.

Wannan batu ya shafi mazauna ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe da ke kudancin Jihar Sakkwato kai-tsaye. Garin Tambuwal yana da nisan kimanin kilomita 100 daga birnin Sakkwato a kan hanyar Jega, Kebbe kuwa ta fi nisa. Mutumin Dogon Daji ko Sanyinna ko Kuchi da ido ya dame shi yakan fara da asibitin da ke kusa ko wurin aikin ido na kyauta, daga baya a tura shi Sakkwato ko Birnin Kebbi, wani lokaci har Kaduna ko Kano. A kowane mataki ana iya auna shi da na'ura ta daban, sannan a kwatanta lambobin tamkar daga ma'auni ɗaya suka fito.

Mene ne ake aunawa?

Duk da sunan da Hausawa suka ba cutar, abin da ake aunawa ba jini ba ne. A ɓangaren gaba na ƙwayar ido akwai wani ruwa garai-garai da idon ke samarwa dare da rana, yana ciyar da sassan da jini ba ya kai wa gare su, sannan ya fice ta wata magudana mai kama da rariya da ke zagaye da baƙin ido. Idan rariyar ta fara toshewa, ruwan ya taru, matsin da ke cikin ido sai ya ƙaru. Wannan matsi yana cutar da jijiyar gani da ke ɗaukar saƙo daga ido zuwa ƙwaƙwalwa, kuma duk zaren jijiyar da ya mutu ba ya farfaɗowa. Shi ya sa makantar gilakoma ta bambanta da ta yanar ido, wadda tiyata ke dawo wa mutum da ganinsa.

Ana ƙirga matsin da milimita na zaiba, wanda ake taƙaitawa da mmHg, wato irin ma'aunin da ake awon hawan jini da shi. A wajen akasarin masu lafiya lambar takan kasance tsakanin 10 da 21. Iyakar 21 ta samo asali ne daga wani babban awo da aka yi wa dubban mutane a Jamus a shekarun 1950, inda aka ga matsakaicin ya tsaya kusa da 16. Ke nan iyaka ce ta lissafi da aka samo daga Turawa, ba shinge ba ce da ke raba mai cuta da marar cuta.

Rage matsin ido shi ne kaɗai hanyar da aka tabbatar tana rage gudun cutar. Wani nazari da aka yi a ƙasar Siwidin, wanda sakamakonsa ya fito a farkon shekarun 2000, ya nuna cewa kowane mmHg ɗaya da aka rage yana rage haɗarin ci gaban cutar da kusan kashi 10 cikin 100. Idan ɗigo ɗaya a ma'auni yana da wannan daraja, saɓanin maki uku ko huɗu tsakanin na'urori biyu abu ne da ya cancanci a tsaya a kansa.

Girman matsalar a Najeriya

Binciken ƙasa kan makanta da raunin gani da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007, wanda ya duba mutum sama da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama, ya gano cewa gilakoma ce ta biyu wajen haddasa makanta bayan yanar ido. Nazarin da Dokta Fatima Kyari da abokan aikinta suka yi a kan bayanan binciken ya nuna cewa kusan mutum 5 cikin kowane 100 na masu waɗannan shekaru suna ɗauke da cutar, ɗaya cikin biyar daga cikinsu ya riga ya makance, kuma waɗanda suka san suna da ita ba su kai kashi 6 cikin 100 ba.

Dalilin wannan rashin sani shi ne nau'in da ya fi yawa a Afirka ta Yamma ba ya zuwa da ciwo ko jan ido. Yana fara cin gani ne daga gefe, a hankali, har sai mutum ya fara tuntuɓe da kaya ko ya kasa ganin babur da ke tahowa ta gefensa. Kafin a kai nan, mafi yawan jijiyar ta riga ta lalace.

Awo da yatsu

Hanya mafi daɗewa ita ce mai duba ya sa majinyaci ya kalli ƙasa, ya ɗora yatsunsa manuniya biyu a kan fatar ido ta sama, yana dannawa da ɗaya yana jin tauri da ɗayan. Tun ƙarni na 19 likitocin Turai ke koyar da ita. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to haka yatsan gwani yake: yana iya bambanta idon da ya yi tauri kamar dutse da wanda ya yi laushi. Sai dai ba zai iya bambanta 18 da 26 ba, alhali a wannan tazara ce mafi yawan masu cutar suke. Amfaninta yana nan ne a halin gaggawa, misali idan mutum ya zo da jan ido mai tsananin ciwo da ciwon kai da amai, ba kuma wata na'ura a kusa.

Schiotz: tsohon ƙarfe mai juriya

A 1905 wani likita ɗan ƙasar Norway mai suna Hjalmar Schiotz ya ƙirƙiro na'urar da har yau take ɗauke da sunansa. Majinyaci yakan kwanta rigingine, a ɗiga masa maganin kashe zafi, sannan a ɗora na'urar a kan koniya, wato tantanin nan mai kama da gilashi da ya lulluɓe baƙin ido. Wani ɗan sanda mai nauyin giram 5.5 yakan lotsa koniyar, allura kuma ta nuna zurfin lotsawar a kan ma'auni. Ido mai tauri ba ya lotsuwa sosai, don haka ƙaramar lamba a ma'aunin tana nufin babban matsi. Dole a duba jadawalin da ke zuwa da na'urar domin a juya lambar zuwa mmHg, kuma idan matsin ya yi yawa akan ƙara nauyi zuwa giram 7.5 ko 10.

Schiotz ba ta buƙatar lantarki ko batir, tana da araha, tana shiga aljihu, kuma takan yi shekaru ba ta lalace ba. Waɗannan siffofi ne suka sa ta daɗe a asibitocin karkara na Afirka da Asiya. Rauninta shi ne tana ɗauka cewa bangon kowane ido taurinsa ɗaya. A idon mai fama da rashin gani daga nesa sosai, wanda bangonsa ke da laushi, takan ba da lambar da ta gaza ta gaskiya. Haka kuma idan ba a kwance ta an goge sandan bayan kowane majinyaci ba, datti yakan riƙe shi ya ɓata awon, balle ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina a wannan yanki.

Goldmann: ma'aunin da ake gwada saura da shi

A shekarun 1950 Farfesa Hans Goldmann na birnin Bern a Suwizalan ya fito da hanyar da ta zama abin dogaro a duniya. Maimakon lotsa koniya, na'urarsa tana baje wani ɗan fili ne a kanta mai faɗin milimita 3.06, tana auna ƙarfin da aka yi amfani da shi kafin filin ya baje. An zaɓi wannan faɗi ne saboda a nan ne turjiyar koniya da jan da hawaye ke yi wa kan na'urar suke kashe juna.

Ana ɗaura ta ne a jikin babbar na'urar haska ido da majinyaci ke ɗora haɓa a kai. Bayan maganin kashe zafi, sai a sa wa idon wani rini ruwan ɗorawa, a kunna shuɗin haske. Mai awo yakan ga rabin da'ira biyu masu launin kore, ya riƙa murza maɓalli har gefensu na ciki ya taɓa juna, sannan ya karanta lambar. Manyan nazarce-nazarcen da likitoci ke dogara da su wajen yanke shawarar magani kusan duk da wannan na'ura aka yi su.

Amma tana da sharuɗɗa. Tana buƙatar wutar lantarki, da magungunan ɗigawa biyu, da ma'aikacin da ya ƙware, da majinyacin da zai iya zama ya natsu. Rini ya yi yawa lamba ta haura, ya yi kaɗan ta sauka. Ana kuma buƙatar gwada daidaitonta lokaci-lokaci da wani sandan awo da ke zuwa da ita, domin na'urar da ta goce takan ci gaba da ba da lambobi ba tare da wata alama ba. Kan da ke taɓa ido kuwa sai an tsabtace shi da kyau, don kada ya yaɗa ciwon ido irin na afolo daga wani zuwa wani.

A 1965 aka samu Perkins, wadda ke aiki da ƙa'idar Goldmann amma ana riƙe ta a hannu kuma batir take amfani da shi. Ana iya auna wanda ke kwance da ita, ana kuma iya zuwa da ita ƙauye, sai dai ita ma tana buƙatar rini da maganin kashe zafi da hannu mai gogewa.

Na'urar busa iska

A farkon shekarun 1970 Bernard Grolman na Amurka ya samar da na'urar da ba ta taɓa ido. Tana feso iska ce a kan koniya, wani haske kuma ya gano daidai lokacin da ta baje, na'urar ta lissafa matsin da kanta. Ba a buƙatar ɗiga komai, haɗarin yaɗa cuta kaɗan ne, kuma ma'aikaci yana iya koyon aiki da ita cikin ɗan lokaci. Shi ya sa ta yawaita a shagunan tabarau na birane.

Da yake awon yana ɗaukar ƙasa da ƙiftawar ido, yana iya faɗawa a kan bugun zuciya ko tsakanin bugu biyu, don haka akan maimaita sau uku a ɗauki matsakaici. Mutane da dama sukan firgita da iskar su runtse ido, lamarin da ke ɗaga lambar. Daidaitonta kuma yana raguwa idan matsin ya yi sama sosai. Galibinsu na tebur ne masu tsada da ke son tsayayyiyar wuta, ko da yake akwai na hannu.

Tono-Pen da iCare

Tono-Pen, wadda ta fito a shekarun 1980, ta yi kama da babban alƙalami. Ana sa mata 'yar hular roba sabuwa ga kowane majinyaci, a ɗiga maganin kashe zafi, a taɓa koniya sau da yawa, ita kuma ta fitar da matsakaici a fuskarta. Da yake ɗan wuri ƙanƙani take taɓawa, tana da amfani a idon da ke da tabo. An san ta da ƙara wa ƙaramin matsi lamba da kuma rage wa babba.

Ita kuwa iCare, wadda likita ɗan ƙasar Finland Antti Kontiola ya ƙirƙiro kuma ta shiga kasuwa a farkon shekarun 2000, tana harba wani siririn tsinke mai kan roba ne ya taɓa koniya ya dawo. Ido mai tauri yana mayar da tsinken da sauri, kamar yadda ƙwallo ke tashi idan ta daki daɓe fiye da idan ta faɗa kan yashi. Taɓawar ba ta da zafi, har ba a buƙatar ɗiga magani, kuma yara ƙanana ma sukan jure. Tana aiki da batir, tana auna sau shida ta fitar da lamba ɗaya, ma'aikacin lafiya na matakin farko kuma zai iya ƙwarewa a kanta. Matsalarta ita ce kuɗi: na'urar tana da tsada, tsinken kuma sau ɗaya ake amfani da shi a jefar, daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin canjin dala. Ranar da tsinke ya ƙare, na'urar ta zama kayan ado a cikin durowa.

Yaya girman saɓanin yake?

Wata bita da aka wallafa a 2012, wadda ta tattara nazarce-nazarce sama da 100 da suka kwatanta na'urori daban-daban da Goldmann, ta nuna cewa na'urar iska ce ta fi kusantar ta, inda kusan kashi biyu cikin uku na awonta suka faɗo cikin tazarar mmHg 2. Irin su Perkins suka biyo baya da kusan shida cikin goma, sauran kuwa kusan rabi ko ƙasa da haka. Ma'ana, ko a na'urar da ta fi dacewa, awo ɗaya cikin uku yana kauce wa Goldmann da fiye da maki biyu. Ita kanta Goldmann, ƙwararru biyu suna iya auna ido ɗaya da ita su saɓa da maki ɗaya ko biyu.

Ɗan kasuwar hatsi ya san wannan darasi. Buhun gero da aka auna da mudun wannan kasuwa ba lallai ya ba da adadi ɗaya da mudun wata kasuwar ba, kuma mai hankali ba ya cewa geronsa ya ragu sai ya sake awo da mudun farko. Majinyacin da iCare ta ba 22 a wurin aikin ido na ƙauye, bayan wata guda Goldmann ta ba shi 19 a Sakkwato, ba za a ce maganinsa ya yi aiki ba don wannan bambanci kaɗai.

Kaurin koniya da irin idanun yankin

Duk waɗannan na'urori daga waje suke awo, ta jikin koniya, don haka yanayinta yana shiga cikin lambar. Kaurinta ya ɗan haura rabin milimita a wajen yawancin mutane. Idan ta fi haka kauri, na'ura takan nuna matsin da ya wuce na gaskiya. Idan siririya ce, takan nuna ƙasa da shi. Wani babban nazari na Amurka da ya bi mutum 1,636 masu matsin ido mai yawa, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2002, ya gano cewa masu siririyar koniya sun fi kamuwa da gilakoma, kuma baƙaƙen fata a jimlace koniyarsu ta fi ta Turawa siranta. Ga Bahaushe ko Bafulatani, wannan yana nufin lambar da ta yi kama da lafiya tana iya ɓoye matsin da ya fi ta. Akwai ƙaramar na'urar da ke auna kaurin koniya cikin daƙiƙoƙi, kuma ya dace a yi wa duk wanda ake zargi da cutar wannan awo ko da sau ɗaya ne.

Akwai kuma abubuwan da suka keɓanta da arewa maso yamma. Jihar Sakkwato ta daɗe tana yaƙi da amosanin ido, tare da tallafin ƙungiyoyi irin su Sightsavers, kuma dattawa da yawa suna ɗauke da hakiya da amosani ko ƙyanda ko rauni a gona suka bari. A kan koniya mai tabo, da'irorin Goldmann sukan karkace har a kasa karanta su, na'urar iska ma takan rikice. A nan Tono-Pen ko iCare, da aka saita a wurin da ba tabo, sun fi amfani. Haka nan waɗanda aka ture wa yanar ido da allura ta hanyar gargajiya suna cikin haɗarin hauhawar matsi daga baya, kamar yadda masu sayen maganin ɗigawa mai sinadarin sitiroyid a kemis su yi ta amfani da shi watanni saboda ƙaiƙayin ido suke ciki. Waɗannan rukunai biyu suna buƙatar awo ko da ba su jin komai.

Lokaci da halin majinyaci su ma suna da tasiri. Matsin ido yana hawa da sauka a cikin yini, sau da yawa ya fi yawa da sassafe, kuma wannan hawa da sauka ya fi faɗi a idon mai gilakoma. Riƙe numfashi, da runtse ido, da matsattsen wuyan riga ko rawanin da aka naɗe wuya da shi tamau, da shan ruwa mai yawa lokaci guda dab da awo, duk suna iya ɗaga lambar. Wanda ya baro Kebbe da asuba, layi bai kai kansa ba sai bayan azahar, ba lallai a ga matsin da idonsa ya kwana da shi ba.

Lamba kaɗai ba ta yanke hukunci

Ko da na'urar ba ta da aibi, awon matsi kaɗai ba ya tabbatar da cutar ko kore ta. Binciken da aka yi a unguwannin birnin Baltimore na Amurka a shekarun 1980 ya gano cewa kusan rabin masu gilakoma matsinsu bai wuce 21 ba a awon farko. A ɗaya ɓangaren, wancan nazari na 2002 ya nuna cewa cikin masu matsi mai yawa da ba a ba magani ba, kashi 9.5 cikin 100 ne suka kamu cikin shekara biyar, idan aka kwatanta da kashi 4.4 na waɗanda aka ba. Wato wasu suna da lamba mai kyau cutar tana cin su, wasu kuma suna da lamba mai tsoratarwa jijiyarsu lafiya lau. Tabbaci yana samuwa ne idan an haɗa awon da leƙa jijiyar gani ta cikin ƙwayar ido, da gwajin faɗin gani, da duba magudanar ruwan.

Abin da ya dace da Tambuwal da Kebbe

Idan aka jera waɗannan hanyoyi, za a ga kowace tana da matakin da ta fi dacewa da shi. A cibiyar lafiya ta ƙauye da wuraren aikin ido na tafi-da-gidanka, inda wuta ba ta da tabbas, na'urar hannu mai batir ce za ta kai ga dattijon da ba zai taɓa zuwa birni don gwaji ba, muddin an tanadi kuɗin tsinke ko hular roba a kasafi tun ranar sayen ta. Inda babu wannan hali, Schiotz mai tsabta a hannun wanda ya iya ta ta fi rashin awo nesa ba kusa ba. A babban asibitin ƙaramar hukuma, Perkins ko Goldmann a hannun ma'aikacin jinya na ido za ta ba da damar bibiyar waɗanda ke kan magani ba tare da sun yi tafiyar kilomita 100 duk bayan wata uku ba. Tabbatar da cutar da tsara magani ko tiyata kuwa aikin likitocin ido ne a wurare irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Asibitin Ƙwararru na Sakkwato, da Cibiyar Lafiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

Abin da zai haɗa waɗannan matakai ba ya cin kuɗi: a riƙa rubuta sunan na'ura da ƙarfe nawa aka yi awo kusa da kowace lamba a katin majinyaci, kuma a yi ƙoƙarin bibiyar mutum da irin na'ura ɗaya. Shi ma majinyaci yana da haƙƙin tambayar lambarsa ta kowane ido, ya adana katinsa, ya zo da kwalaben maganinsa, ya kuma faɗi gaskiya idan ya yi kwanaki bai ɗiga ba.

Duk wanda ya haura shekara 40 ya kamata a auna masa matsin ido a kuma leƙa jijiyarsa lokaci-lokaci. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na jini ya makance ba tare da an ga yana a idonsa ba, bai kamata ya jira wannan shekaru ba, domin cutar tana bin dangi.